Naman kaza na daji: kurakuran da ake yi tun daga suri har zuwa tukunya

Da ruwa ya zauna, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, za ka ga mata da yara a bakin titi a Kudancin Kaduna, Neja, Nasarawa, Filato da ƙauyukan da ke kewaye da Abuja sun kasa naman kaza a faranti suna jiran mai saye. Gbagyi da Nufawa da Tibi sun gaji cinsa kaka da kakanni, sun san wanda ake ɗauka da wanda ake tsallakewa. A can ƙuryar arewa kuwa mutane da dama laimar kwaɗi suke ce wa duk wanda ya tsiro, ba sa ko taɓa shi. Masu shiga matsala su ne na tsakiya: sun ji ana yabon daɗinsa, sun ga hotuna a waya, amma ba su taɓa bin wanda ya sani zuwa daji ba.

Tambayoyi biyu ne a kan kowane naman kaza da aka tsinto, kuma dabam-dabam suke. Wane iri ne? Sannan, har yanzu yana ciwuwa ko ya wuce? Mai guba yana iya zama sabo fes, mai kyau kuma yana iya ruɓewa ya kwantar da gida guda. Wuta ba ta gyara ko ɗaya daga cikin biyun, kuma yawancin kurakuran da ke ƙasa daga zaton za ta gyara suke tasowa.

Zaɓen ƙanana zalla

Mai neman sabo yakan kai hannu ga ƙananan da hularsu ba ta buɗe ba. Ta fuskar ɗanɗano yana da gaskiya, sun fi tauri, tsutsa ba ta riga ta shige su ba. Amma a wannan shekarun ne iri-iri suka fi kama da juna, domin alamomin da ake bambancewa da su ba su gama fitowa ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Chlorophyllum molybdites, babban farin nan mai ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa a saman hula da zobe a jikin kara, wanda ke fitowa a filin ƙwallo, harabar makaranta da makiyaya bayan ruwan sama, wani lokaci a jere ya yi da'ira. Hularsa takan kai faɗin santimita 25 ko fiye. Siraran layukan da ke ƙarƙashin hular, wato haƙarƙarinsa, farare ne tas lokacin da yake ƙarami. Sai ya manyanta suke rikiɗa su koma kore-kore mai duhu. Wanda ya ɗebi ƙananan kawai bai ga koren ba ke nan, kuma cikin awa 1 zuwa 3 da ci amai da gudawa za su taso masa, wani lokaci har da jini.

Gyaran shi ne a ɗebo ƙarami da matsakaici da tsoho daga wuri ɗaya, a duba su tare. Sannan a ɗauki hoton garin irinsa: a cire karan babba guda ɗaya, a kife hular a kan takarda rabinta fara rabinta baƙa, a rufe da kofi, a bar ta awa 4 zuwa 6 ko ta kwana. Garin da ya zubo zai zana haƙarƙarin a kan takardar. Idan kore ne, an gama magana, a zubar da duka. Na suri na gaskiya, dangin Termitomyces, garinsa fari ne mai ratsin ruwan hoda.

Haka masu kama da ƙwallo. A tsaga kowanne gida biyu daga sama zuwa ƙasa, kowanne ɗaya, ba a ɗauki guda a ce ya wakilci saura ba. Wanda ake ci cikinsa fari ne sumul babu zane. Idan ya fara rawaya ya tsufa. Idan cikinsa baƙi ne ko shuɗi-shuɗi kuma fatarsa mai kauri ce, mai guba ne. Idan kuwa aka ga siffar ƙaramar hula da kara a kwance a ciki, wannan jaririn Amanita ne, dangin da masu kisa ke cikinsa, da bai fasa kwansonsa ba.

Gwaje-gwajen da ba sa gwada komai

Ana cewa a jefa cokalin azurfa ko albasa ko tafarnuwa a tukunya, in sun yi baƙi akwai guba. Ana cewa wanda tsutsa ko dodon koɗi ko akuya ta ci, mutum ma zai ci. Ana cewa mai guba launinsa na da ƙyalli, ko ɗaci gare shi, ko fatar hularsa ba ta ɓaruwa. Babu ɗaya a cikinsu da ya tsaya. Dodon koɗi yana cin wanda ke kashe mutum ya wuce abinsa. Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kisa a duniya, launinsa fari-fari ne zuwa kore mai haske, fatarsa na ɓaruwa, waɗanda suka ci suka rayu kuma sun ce daɗi gare shi. Rabin hularsa ya isa ya kashe babban mutum. Dafinsa ba ya jin tafasa, ba ya jin suya, ba ya jin shanya ko firiza, balle kanwa ko tsamiya. A shekarar 2023 a jihar Biktoriya ta Ostareliya mutum 3 sun mutu bayan cin naman shanu da aka gasa da shi a tanda. Asalinsa na Turai ne, ya bi itatuwan da aka dasa ya isa Afirka ta Kudu da Amurka da Ostareliya, don haka 'yan uwanmu mazauna can su kiyaye: a 2015 'yan gudun hijira da dama a Jamus sun kwanta asibiti saboda sun ɗauka irin na garinsu ne. Irin wannan dafin kuma yana cikin wasu ƙananan naman kaza dangin Lepiota da Galerina, shi ya sa ƙananan masu ruwan ƙasa da ba a san su ba ake barinsu inda suke.

Manhajar waya mai gane tsiro daga hoto ita ma a wannan sahun take. Ba ta ganin gindin da ke cikin ƙasa, ba ta jin ƙanshi. Abin da ke aiki shi ne a koyi iri ɗaya ko biyu a hannun wanda ya shekara yana cin na wannan yankin, a san su ciki da waje, a bar sauran.

Suri ma ba shaida ba ce ita kaɗai. Na suri na ainihi gara ce ke nomansa a cikin gidanta, shi ya sa yawancin manyansa ke da doguwar jijiya mai sirancewa da ta nutse cikin ƙasa, wani lokaci fiye da kamu ɗaya, da ɗan tsini mai tauri a tsakiyar hula wanda da shi ya huda ƙasar ya fito. Amma tsohon surin da gara ta tashi, kowane iri na iya tsirowa a kansa.

Yankewa a saman ƙasa, da zubawa a leda

Mutane da yawa suna sa wuƙa su yanke kara daidai da ƙasa don kada su kwaso datti. To a gindin nan shaidar take. Dangin Amanita suna da wata jaka ko kumburi a gindi, sau da yawa a binne. A dazuzzukan doka da kawo akwai su da yawa, har akwai waɗanda ake ci a Jamhuriyar Benin, amma wannan ba fagen ɗan koyo ba ne: fari a haƙarƙari, zobe a kara, jaka a gindi, a ajiye shi. A sa tsinin wuƙa ko ɗan itace a tono shi gaba ɗaya, a duba, sai bayan an tabbatar a datse wajen ƙasar a kankare karan nan take. A jera su a kwando haƙarƙari na kallon ƙasa, domin yashin da ya faɗa tsakanin layukan nan fitar da shi aiki ne. Wanda ake shakka a kansa a naɗe shi dabam a takarda. Ɓarɓashin mai guba da ya karye cikin masu kyau ba ya tsintuwa.

Sai leda, wadda ta fi komai lalata naman kaza a ƙasar nan. Kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, kuma bayan an cire shi yana ci gaba da numfashi yana fitar da zafi da tururi. A ƙulle shi a baƙar leda, a rataya a babur a yi tafiyar awa biyu cikin rana, kafin a iso gida ya yi gumi ya fara yauƙi. Kwando ko kwali ko jakar takarda ake so, kada a danna, kada tsibin ya wuce hawa biyu ko uku, a rufa masa ganye a kai shi inuwa. A ɗauke shi kamar ɗanyen kifi: abin da aka samo da safe, tukunyar ranar ce tasa.

Wurin ɗiba ma abin dubawa ne. Naman kaza yana zuƙar dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ƙasa ya tara a jikinsa. A guji bakin babban titi, juji, bayan gareji, gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa kwanan nan, da duk inda ake niƙa ko wanke dutsen zinariya. Abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ya isa ya nuna yadda irin wannan ƙasar take.

Duba saman hula kawai

Saman hula shi ne na ƙarshe da ke tona asiri, amma shi mai saye ke kallo. A juya shi. Haƙarƙarin sabo a tsaye suke, a bushe, kowane layi dabam. Idan sun kwanta sun manne da juna, ko sun jiƙe, ko sun yi duhu a gefe-gefe, ya fara tafiya. A danna tsakiyar hular da babban yatsa a hankali: sabo zai turo yatsan ya koma yadda yake, wanda ya kwana biyu zai bar rami, wani har ruwa ya taso a wajen. A kama karan a ɗan matsa. In ya yi laushi ko ka ji kamar babu komai a ciki, tsutsa ta riga ka.

Daga nan a kai hanci. Sabo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi, na suri har da ɗan ƙanshi mai daɗi. Tsami, ƙarni ko warin fitsari alama ce ta ruɓa, kuma wanki ba ya mayar da shi. Yauƙi a jikin irin da asalinsa ba mai yauƙi ba ne, shi ma haka. Fumfuna fara ko kore ko rawaya a jiki, a zubar da wannan ɗin gaba ɗaya, kada a yanke wajen a ci saura, domin namansa sako-sako ne, abin ya riga ya ratsa. Bushewar gefen hula da 'yar tsagewa saboda iska kuwa ba ruɓa ba ce, ana iya datse gefen a yi amfani da shi.

Batun tsutsa na buƙatar adalci, don na suri da wuya a same shi babu ko ɗaya. Ƙananan ƙudaje ne ke yin ƙwai a jikinsa, tsutsar ta fara daga kara ta haura zuwa hula. A yanke karan a gicciye kusa da gindi. In an ga 'yan huji biyu ko uku kuma naman da ke kewaye fari ne mai tauri, a ci gaba da yankewa sama-sama har a kai inda babu huji, sauran lafiya lau ne. In kuwa cikin ya zama raga, hanyoyin tsutsar sun yi ruwan ƙasa, naman ya yi taɓo, na bola ne. Kuskuren da ake yi shi ne a bar mai 'yar tsutsa ya kwana cikin sauran. Kafin gari ya waye ta cinye shi ta shiga maƙwabta.

A kasuwa kuma a yi hattara da wanda aka riga aka yayyanka, da wanda aka yayyafa wa ruwa don ya yi sheƙi, da kashin da aka gauraya iri-iri. A nemi cikakke da karansa, a tambayi mai sayarwa, "Mama, yaushe aka ciro shi, kuma a ina?" Wadda ta san kayanta ba ta jin haushin wannan tambayar. A duba na ƙasan kashin, can ake ɓoye na jiya.

Wanki

Masu cewa kada ruwa ya taɓa naman kaza sam, na gona mai tsabta suke nufi. Na suri da yashi yake zuwa, kuma yashi ɗaya a haƙori ya ɓata miya. A fara kankarewa da wuƙa, a goge da ɗan buroshi ko tsumma mai laima. Sannan a cika roba da ruwa, a zuba kaɗan-kaɗan, a motsa da hannu na 'yan daƙiƙoƙi, a tsamo su da hannu zuwa gwagwa. Kada a juye robar a kan gwagwar, yashin da ya kwanta zai koma kansu. A sake da sabon ruwa har sai gindin robar ya fita tas. In akwai ƙwari a haƙarƙari, a jiƙa minti 10 a ruwan gishiri, babban cokali 1 a lita 1, a ɗauraye. Fiye da haka zai sha ruwa ya yi lagwab. Kuma sai za a ɗora tukunya ake wankewa. Wankakken naman kaza ba ya ajiyuwa.

Dafuwa rabi-rabi

Na daji ba a cinsa ɗanye, ko da irin da kowa ya yarda da shi ne. Jikinsa na da wani sinadari mai tauri da ciki ke wahalar narkarwa, wasu irin kuma suna da guba mai sauƙi wadda zafi ke kashewa, ga ƙwayoyin cuta na ƙasa. A 2023 a jihar Montana ta Amurka mutum kusan 50 sun yi rashin lafiya, 2 suka mutu, bayan cin wani irin da ake ci a ko'ina amma aka ba su shi ɗanye ko bai gama dahuwa ba. Gashi a kan garwashi yana da wannan haɗarin, waje ya ƙone ciki na ɗanye, sai dai a tsaga shi sirara.

Ga rabin kilo: a yayyaga hular da hannu ko a yanka kaurin rabin santimita, karan kuma a yanka shi ya fi haka siranta don ya fi tauri. A ɗora kasko mai faɗi ya yi zafi, a zuba ba tare da mai ba, a barbaɗa gishiri kaɗan. Zai fitar da ruwa mai yawa. A bar shi a buɗe minti 6 zuwa 8 har ruwan ya ƙafe, sannan a zuba man gyaɗa ko manja babban cokali 2 zuwa 3 da albasa, a soya wasu minti 8 zuwa 10 har gefensa ya yi ja. Masu zuba mai tun farko su ne ke ƙorafin ya shanye musu mai ya yi nauyi. Masu cika kasko har baki kuma dafa shi suke yi a ruwansa, ba suya ba. In yana da yawa a raba shi biyu.

A miya, ko ta agushi ko ta kuɓewa ko taushe, ya samu aƙalla minti 15 zuwa 20 yana tafasa. Kada a jefa shi a ƙarshe tare da ganye. A rage daddawa da dunƙule, domin na suri da ɗanɗanonsa yake zuwa, yawan kayan ƙanshi na danne shi. Irin da mutanen yankin suka saba tafasawa su zubar da ruwan farko, a yi yadda suke yi, kada a ce za a yi miya da ruwan don kada a yi asara.

Wanda bai taɓa cin wani iri ba ya ɗanɗana cokali 1 ko 2 na dafaffe, ya jira kwana guda cur kafin ya ƙara, kuma kada ya haɗa sabbin iri biyu a rana ɗaya. Akwai wanda cikinsa ba ya karɓar abin da kowa ke ci lafiya. Wannan gwajin na irin da aka riga aka tabbatar ana ci ne, ba hanyar gano mai guba ba ce. Ƙananan yara, masu juna biyu da masu ciwon hanta ko ƙoda a bar su daga cikin masu gwaji. A ware ɗanye guda ɗaya cikakke a naɗe a takarda a ajiye har kwana biyu, don a nuna wa likita in wani ya kamu da ciwo.

Ajiya

A firiji, cikin takarda ko kwano da aka rufa wa tsumma, kwana 2 zuwa 3 ne iyaka. Banda Volvariella, mai fitowa a ruɓaɓɓen kututturen kwakwar manja da tarin bambaron shinkafa: sanyin firiji narkar da shi yake yi, ranar da aka samo shi ake dafawa. Shi ma yana da jaka a gindi, abin da ya raba shi da Amanita shi ne ba shi da zobe kuma haƙarƙarinsa na komawa ruwan hoda, don haka ƙananansa da ba su fashe ba sai gwani. Firiza kuma sai an soya ko an tafasa tukuna, kuma in wuta ta ɗauke ya narke, a dafa a cinye, kada a sake daskarar da shi. Miyar da ta rage a tafasa ta sosai kafin a ci ɗumame, in babu firiji kada ta wuce washegari da safe. Zuba naman kaza a kwalba a cika da mai a rufe a ajiye a ɗaki hanya ce ta kiwon ƙwayar cutar da ke shanye jiki, wadda ba ta nuna kanta da wari.

Shanya ita ce ta fi dacewa da mu, sai dai lokacin naman kaza lokacin hadari ne. Masu shanya shi gunduma-gunduma a kan leda a ƙasa, fumfuna ke riga rana. A zaɓi masu kyau kawai, shanya ba ta ceton wanda ya fara lalacewa. Kada a wanke, a goge. A yanka kaurin milimita 3 zuwa 5, a baza a kan raga ko faifai da aka ɗaga sama iska na bi ta ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. In rana ta ƙi, a kai shi saman murhu inda ɗumi ke kaiwa ba harshen wuta ba, ko tanda a kan digiri 45 zuwa 55 ƙofa a ɗan buɗe. Ya bushe idan ya karye ƙaras. In lanƙwasawa yake yi, da saura. Kilo 10 na ɗanye yakan koma wajen kilo 1. A zuba a kwalba mai murfi, a duba bayan kwana 3, in gilashin ya yi raɓa a sake shanyawa. Ranar amfani a jiƙa minti 20 zuwa 30 a ruwan ɗumi, a tace ruwan da tsumma a zuba a miya. Kada a bar shi a jiƙe ya kwana a zafin ɗaki.

Jiran gani a gida

Lokacin da ciwo ya fara yana da ma'ana. Amai da murɗar ciki cikin awa 3 na farko galibi daga masu tayar da ciki ne ko daga ruɓaɓɓe, kuma babban haɗarinsu ƙarewar ruwan jiki, musamman ga yaro da tsoho. Wanda ya fi muni shi ne wanda ya yi shiru awa 6 zuwa 24 sannan ya taso da amai da gudawa mai tsanani. Bayan kwana ɗaya mutum sai ya ji sauƙi, a ce ya warke, alhali dafin na cin hanta. A rana ta 3 zuwa ta 5 ido ya yi rawaya, fitsari ya ragu, hankali ya fara gushewa. Fara amai da wuri ma ba ya wanke mutum, tunda tukunya ɗaya na iya ɗaukar iri biyu.

Manja, madara, nono da jiƙo ba sa karya wannan dafin, ɓata lokaci kawai suke yi. Kada a sha farasitamol, ƙarin nauyi ne a kan hanta. A riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari a kama hanyar asibitin da ke iya gwajin jini na hanta da ƙoda, ba kemis ba, kuma duk wanda ya sa hannu a kwanon ya je, har wanda bai ji komai ba tukuna. A tafi da ɗanyen da aka ajiye, da ɓawon da aka kankare, da ragowar miyar. A faɗa wa likita ƙarfe nawa aka ci, ƙarfe nawa ciwon ya fara, mutum nawa suka ci. In an ce a sake gwajin hanta washegari, a koma ko da jiki ya yi daɗi.